Me ya rage na tarihi a Daura banda Kusugu?

Malam, ka ce za ka je Daura, kana son sanin ko akwai abin gani banda rijiyar Kusugu. Akwai, amma kada ka raina rijiyar. Yanzu a cikin ɗaki take, bakinta ɗan ƙarami ne, har za ka yi mamakin yadda labarin Bayajidda da macijiya Sarki, wadda ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya rataya a kanta. Har yau ruwa bai ƙafe ba, baƙi kan cika gora su tafi da shi gida.

Daga nan ka nemi a kai ka Tsohon Birni, arewa da gari, inda aka ce magajiyoyi suka zauna kafin Daurama ta dawo da sarauta nan. Kada ka sa ran ganin gini a tsaye. Ginin ƙasa ba ya jure damina ɗari-ɗari, sai ka samu dattijo ya nuna maka, in ba haka ba gonaki kawai za ka gani.

Ni dai abin da ya fi kama min hankali shi ne Durɓi Ta Kusheyi, ko da yake ba a Daura yake ba, yana ƙaramar hukumar Mani ne, gabas da Katsina. Tuddai ne na kaburburan sarakunan dā. Bature Palmer ya fara tono su a 1907, aka sake a 1992, aka fito da kwanukan tagulla da awarwaron hauren giwa da kuɗin wuri.

In da hali, ka daidaita tafiyarka da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, ka ga hawan Sarkin Daura.