Wuta ta ɗauke muna tsakiyar sabunta Nextcloud: takardunmu sun tafi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa a nan Marwa. Muna da saba guda a ofis, wato kwamfutar da sauran suke haɗuwa da ita, mai Ubuntu 22.04, a kanta muka ɗora Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli da raba su. A ciki muke ajiye rasidai, da lissafin buhunan da aka loda zuwa Duwala da Yawunde, da kalandar taro. Daren Talata na danna sabuntawa ta burauza, daga zubi na 27 zuwa na 28. Ana cikin yi wuta ta ɗauke, onduler, na'urar batir mai riƙe wuta, bai riƙe ko minti biyu ba. Da wuta ta dawo, shafin ba ya nuna komai sai cewa ana gyara. Kwafin rumbun bayanai na ƙarshe da na ɗauka ya yi mako uku. Wani abokina ya ce in goge komai in sake girkawa, wani kuma ya ce in sauko da 27 in mayar. Shugaba sai kira na yake tun safe. Takardunmu sun tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka. Idan diskin bai lalace ba, takardunku suna nan inda kuka bar su. Nextcloud tana ajiye fayil ɗin kowa a cikin foldar data, ƙarƙashin sunan mai shi, kuma aikin sabuntawa ba ya taɓa su. Abin da nake tsoro yanzu shi ne abin da hannunka zai yi nan da la'asar saboda shugaba ya matsa maka. Shawarar abokan naka biyu, ka ajiye ta tukuna. Garin neman gira ake rasa ido.

Wannan saƙo na "ana gyara" da yake ɓata maka rai, shi ne yake tsare ku a yanzu. Muddin yana nan, kwamfutoci da wayoyin mutanenku ba za su iya rubuta komai a sabar ba, sai dai su jira. Kada ka cire shi don kawai shafin ya buɗe.

Aikin farko, ka samo diski na waje mai wadataccen fili, ka kwafe komai a yadda yake ɗin nan a karye. Abubuwa uku ne: foldar manhajar kanta, wadda yawanci take /var/www/nextcloud, foldar data, sai rumbun bayanai, wanda za ka fitar da mysqldump idan MariaDB ko MySQL kuke amfani da shi. Ka sa masa --single-transaction. Wani zai ce mene ne amfanin kwafe abin da ya riga ya lalace? Amfaninsa shi ne, duk gyaran da ka gwada ya ƙara dagula lamarin, kana da wurin komawa. Ka lura da wani abu: a girkin da aka saba, foldar data tana zaune ne a cikin foldar nextcloud. Wanda ya ce zai share tsohuwar manhaja ya sa sabuwa ba tare da ya duba ba, da hannunsa zai share rasidan shekara da shekaru. Ka buɗe config/config.php ka karanta layin datadirectory, zai faɗa maka ainihin inda take.

Shi wannan config.php ɗin ƙaramin fayil ne, bai fi shafi guda ba, amma ka riƙe shi kamar takardar fili. A ciki akwai kalmar sirrin rumbun bayanai, da layuka uku da ake kira instanceid, passwordsalt da secret. Na taɓa zuwa wani ofis a Garwa inda suka kunna ɓoye fayil a kan saba, wato kulle abin da ke cikin fayiloli da makullin sirri (encryption), sabuntawa ta tsaya musu, wani yaro mai ƙwazo ya sake girki sabo fil, ya share tsohon config.php. Fayilolin duk suna nan, girmansu daidai, sunayensu daidai, amma ka buɗe sai ka ga shirme. Na zauna kusa da akawunsu, dattijo ne, yana danna fayil ɗaya bayan ɗaya yana cewa ko wannan zai buɗe. Mun dace daga baya an samu kwafin fayil ɗin a wata tsohuwar filashi cikin durowa. Ba don haka ba da sai dai haƙuri. Shi ya sa "goge komai ka sake" ba ta cikin shawarwarina.

Da ka gama kwafe, ka duba abu biyu da sauri: df -h, don ka ga ko diski ya cika, sannan ka tabbatar MariaDB ta tashi. Yawanci tana gyara kanta da kanta bayan ɗaukewar wuta.

Yanzu sai a gano a ina aikin ya tsaya, domin maganin ya danganta da wannan. Sabuntawar Nextcloud zango biyu ce. A zangon farko ana sauya fayilolin manhaja: ana kwafe tsofaffin, a sauko da sababbi, a kunna yanayin gyara, a share tsofaffi, a jera sababbi a wurinsu. A zango na biyu ne ake sauya fasalin teburan rumbun bayanai su dace da sabon zubi. Ka buɗe version.php a cikin foldar manhajar ka ga lambar da take ciki, ka gwada ta da layin version na config.php. Sannan ka karanta ƙarshen updater.log da nextcloud.log, dukansu suna cikin foldar data. Idan manhajar tana iya motsi, wannan umarni zai ba ka taƙaitaccen bayani daga cikin foldar nextcloud:

`sudo -u www-data php occ status`

Shi occ kayan aikin Nextcloud ne na layin umarni. Kada ka gudanar da shi a matsayin root, babban asusun sabar, da www-data ake yi, asusun da manhajar take aiki da shi. Idan ya yi ƙorafin APCu, ka ƙara --define apc.enable_cli=1 bayan kalmar php, ba wata babbar matsala ba ce.

Idan ka ga version.php ya ɓace, ko occ ya kasa tashi saboda wasu fayiloli ba sa nan, to wuta ta same ku ne a zangon farko, tsakanin share tsoho da jera sabo. Wannan labari ne mai daɗi, domin ba a taɓa rumbun bayananku ba ko kaɗan. A cikin foldar data akwai wata folda da sunanta ya fara da updater-, a cikinta akwai backups, a nan ne aka ajiye kwafin manhajar 27 ɗinku kafin a fara. Ka mayar da shi wurinsa, ka tabbatar www-data ne mai mallakarsa. Bayan haka sai ka share wani ɓoyayyen fayil mai suna .step da yake cikin foldar updater- ɗin, shi ne yake sa ta ce wani mataki yana kan gudana. Ka kiyaye wannan jeri. Mutane da yawa suna fara share .step, sai mai sabuntawa ya faro daga farko a kan manhajar da rabinta babu. Kuma ka sani wannan kwafin na manhaja ne kawai da saitinta, babu rumbun bayanai a ciki, babu takardunku.

Idan kuwa version.php ya nuna 28, config.php yana kan 27, kuma a nextcloud.log ka ga an fara "Updating database schema", to an shiga zango na biyu. A nan ne shawarar abokinka na biyu za ta cuce ka. Nextcloud ba ta yarda a koma baya daga sabon zubi zuwa tsoho, kuma da dalili. A MariaDB, idan aka ƙara ginshiƙi (column) a tebur ko aka sauya fasalinsa, abin ya zauna ke nan, ba ya warwarewa don aiki ya katse. Wasu teburanku sun zama na 28, wasu suna na 27. Ka ɗora manhajar 27 a kan wannan, za ta riƙa neman abin da aka riga aka sauya. Hanya gaba take:

`sudo -u www-data php occ upgrade`

Akwai wani tebur mai suna oc_migrations da yake rubuta duk sauyin da aka kammala, don haka aikin zai tsallake waɗanda aka gama ya ɗora daga inda ya tsaya. Sau da yawa wannan umarnin kaɗai yake tayar da komai.  Batun PHP kuma ba zai dame ka ba, Ubuntu 22.04 tana zuwa da 8.1, zubi na 28 yana aiki da ita.

Idan ya tsaya yana ambaton sunan wata ƙaramar manhaja da kuka ƙara, ka kashe ta da occ app:disable da sunanta, ka sake gwadawa. Idan kuwa ya ce wani tebur ko ginshiƙi ya riga ya wanzu, ma'ana wuta ta ɗauke ne bayan an yi sauyin amma kafin a rubuta shi a oc_migrations. Ana gyara wannan, amma da hannu ake yi a cikin rumbun bayanai, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kada ka share tebur saboda wani ya ce shi haka ya yi. Ka kwafo ainihin layin kuskuren ka aiko mini.

Kwafin mako uku da kake da shi, shi ne mafita ta ƙarshe, kuma ina so ka san farashinsa kafin ka taɓa shi. Dole ka haɗa shi da manhajar 27 da config.php na lokacin, ba da 28 ba. Fayilolin da aka ɗora cikin makonni ukun nan suna nan a diski, occ files:scan --all zai sake gano su. Amma kalandar taro, lambobin waya, hirarrakin manhajar Talk, sababbin mutanen da ka yi wa rajista, da wanda aka raba wa wace folda, duk a rumbun bayanai suke zaune, za su koma yadda suke mako uku baya. Ka faɗa wa shugaba wannan a fili kafin ka yi, kada ya ji daga baya. Kuma kafin ka buɗe wa jama'a, ka gudanar da occ maintenance:data-fingerprint. Shi yake sanar da kwamfutocin da suke daidaita fayiloli cewa an dawo da saba daga ajiya, don kada su bi tsohon lissafi su share sabon aikin da yake hannunsu.

Idan komai ya tashi, ka cire yanayin gyara da occ maintenance:mode --off, ka shiga da asusunka kai kaɗai, ka buɗe rasidi biyu uku na watanni daban-daban, ka duba kalanda. Ka gudanar da occ db:add-missing-indices. Sai ka ɗauki sabon kwafin rumbun bayanai a ranar, kafin ka kira kowa.

Maganar onduler ɗinku ta tsaya mini a rai. Wanda bai riƙe minti biyu ba, batirinsa ya mutu tun tuni, ba ku gwada ba ne kawai. Batirin dalma da yake cikin irin waɗannan na'urori an tsara shi ne don zafin da bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage kusan rabin kwanansa. Ka tuna yadda Marwa take a Maris da Afrilu, zafi ya haura 40, ofis a rufe da daddare, ƙurar hunturun da ta wuce ta toshe fanka. Ka sauya batirin, sannan wata rana da ba a aiki ka zare filogi da gangan ka duba agogo. Idan na'urar tana da kebul na USB, ka haɗa ta da sabar ka girka NUT ko apcupsd, don ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa.

Sabuntawa ta gaba, ka bar burauza. Ka shiga ta SSH, wato layin umarnin sabar daga wata kwamfuta, ka buɗe tmux ko screen don kada yankewar intanet ta kashe aikin, ka gudanar da updater/updater.phar da www-data. Ka yi da rana, janareta a kunne da mai a ciki, bayan ka ɗauki mysqldump a wannan sa'ar. Zubi kuma ɗaya-ɗaya ake hawa: ka kai ƙarshen gyare-gyaren 28 tukuna, sannan 29, sannan 30. Ba ta yarda a tsallake, kuma tun da 28 ta daina samun gyaran tsaro, kada ka daɗe a kanta.

A yau dai, ka kira shugaba ka ce masa takardu suna nan, kana buƙatar yini guda. Idan akwai rasidin da ake nema da gaggawa don motar da za ta tashi, ka shiga foldar data, ka nemi sunan mai shi, ka buɗe files, ka kwafa masa a filashi, matuƙar ba ku kunna ɓoye fayil ba. Ka aiko mini da abin da occ status ya nuna da layuka ashirin na ƙarshen updater.log, ka goge duk wata kalmar sirri kafin ka turo.