Amsa kan daskarar da ƙullutun kansar mama da haɗa shi da ƙwayoyin garkuwa

'Yar'uwa Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce ciwon ya bazu har ƙashi, an ba ku shawarar zuwa Sin a daskarar da shi. Eh ana yi, allura ake sokawa cikin ƙullutun ana kallo ta sikanin, a saki iskar argon a cikin allurar ta sanyaya wurin ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili, ƙwayoyin ciwon su farfashe, to ɓaraguzan nan su ake fatan garkuwar jiki ta gani ta gane abokin gaba, shi ya sa ake ɗibar jinin mara lafiya a raino sojojin garkuwa a lab a mayar mata.

Amma wallahi kar ku sayar da gida saboda wannan tukuna. Binciken da aka yi kan mutane kaɗan ne, kuma sanyin inda allura ta kai kawai yake kashewa.

Ku fara zuwa sashen kansa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABUTH) da ke Shika, Zariya, a duba ER, PR da HER2, wato alamomin da ake gwadawa a ƙullutun don a san nau'in kansar, sakamakon ne zai nuna ko maganin tamoxifen ko na Herceptin ko kemo ya dace da ita, sannan ku roƙi maganin ciwon ƙashin tun ranar farko.