Kifi, ciki da borin jinin yara: amsoshin likita

Likita, cikina wata shida. Ɗana na fari yana fama da asma da borin jini, kuma na ji an ce maiƙon da ke jinin jariri ne sila. Me zan yi wa wannan? (Daga Agege)

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Gado ne ke kan gaba, sai hayaƙi da ƙura, amma maiƙo ma yana da nasa rabon. Jariri yana karɓarsa daga jininki ta mabiyiya, musamman a watanni ukun ƙarshe. Iri biyu ne abin lura: omega-6, wanda ya yawaita a man gyaɗa da man waken soya, da omega-3 na kifi mai maiƙo, wanda ke rage kumburi a jiki. A wani binciken Denmak na 2016, matan da suka sha giram 2.4 na man kifi kullum tun daga mako na 24 na ciki, 'ya'yansu sun samu raguwar asma da shessheƙar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ki riƙa cin kifi sau biyu zuwa uku a mako, jimillar giram 230 zuwa 340. Taitus, shawa da sadin na gwangwani duk sun yi. Panla maiƙonsa kaɗan ne. A miya ko a gashe ya fi, don suyar da ake yi har kifi ya ƙandare tana rage amfanin.

Ko matata ta sha man hantar kifi? (Daga Mile 12)

A'a, Malam. Yana da bitamin A da yawa, wanda ke iya cutar da ɗan tayi. Idan ba ta son kifi, ta nemi man kifi zalla mai aƙalla miligiram 200 na DHA (wani nau'in omega-3) a rana, ta kai kwalbar wurin awo a duba mata.

Surukata ta ce kada in ba jaririna ƙwai da gyaɗa sai ya shekara biyu. (Daga Idi-Araba)

Kulawa ce ta sa Hajiya faɗin haka, sai dai jinkirin ba ya kare yaro. Binciken da aka yi a Ingila a 2015 ya nuna fara ba da gyaɗa da wuri ya rage rashin jituwa da ita da kusan kashi 80 cikin ɗari. Nono zalla har wata shida, sannan ki fara da kan cokali na kunun gyaɗa ko dafaffen ƙwai da aka dama, da safe, abu ɗaya a rana. Ban da ƙwayar gyaɗa, tana shaƙe yaro. Idan fatarsa na yawan ƙaiƙayi da tsagewa, ki fara ganin likita. Leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti nan take.