Takardar bashi ta zo bayan an rufe littafin bara: a wace shekara za a rubuta ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne a wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, Kano, na mutum uku da suka haɗa jari daidai wa daida. Da manhajar lissafi ta QuickBooks muke aiki. Mun rufe lissafin 2024 ranar 31 ga Disamba, aka kulle shi da kalmar sirri. Riba ta kama naira miliyan 18, kowa ya ɗauki miliyan 6, aka fitar da zakka. A Janairu ɗaya ya janye jarinsa, wani sabo ya maye gurbinsa. Cikin Maris sai ga mai tirela da takardar kuɗin dakon kaya daga Legas na watan Nuwamba, naira miliyan 2.4, ba a biya ba kuma ba a rubuta ba. Akwai kuma takardar wutar Disamba ta naira 38,000. Alhajin da ke kula da shagon ya ce in zuba su duka cikin kuɗin da aka kashe a bana, kada a ta da zaune tsaye. Ni kuma kalmar sirrin tana hannuna, zan iya buɗe bara in sa su a can ba tare da kowa ya sani ba. Wanne ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, game da miliyan 2.4 ɗin nan, duka hanyoyin biyu da ka ambata ba su halatta ba yadda ka siffanta su. Ta Alhaji tana ɗora wa mutum bashin da bai ci ba. Taka kuma tana kai kuɗin shekarar da ta dace, amma a ɓoye, kuma ɓoyewar ce ta lalata ta.

Rufe shekara al'ada ce ta masu lissafi, kuma al'ada ce mai kyau wadda shari'a ba ta ƙi ba, domin tana hana kowa ya riƙa wasa da alƙaluman da aka riga aka yi rabo a kansu. Amma kwaɗo ne kawai a kan littafi. Ba ya kashe haƙƙin kowa, ba ya kuma mai da abin da ya faru a Nuwamba ya koma na Maris. Cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, wadda Daraƙuɗni da Baihaƙi suka ruwaito, ya gaya masa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa, domin gaskiya daɗaɗɗiya ce, kuma komawa gare ta ya fi zarcewa cikin ɓata. Idan hukuncin alƙali ana sake duba shi, to ina ga lissafin da manhaja ta kulle?

Aikinka kuwa Alƙur'ani ya ambace shi a aya mafi tsawo cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara: "wani marubuci ya rubuta a tsakaninku da adalci." Lura da kalmar "a tsakaninku". Albashinka daga shago yake fitowa, amma alƙalaminka na dukkan masu haƙƙi ne: wanda ya fita, wanda ya shigo, da mai tirela. A cikin ayar kuma aka ce kada ku ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba.

Yanzu mu buga lissafin. Idan an sayar da kayan nan duka kafin ƙarshen Disamba, ribar gaskiya ta 2024 miliyan 15.6 ce, rabon kowa miliyan 5.2. Ke nan kowane ɗaya cikin ukun ya tafi da naira 800,000 da ba riba ba ce, kuɗin mai tirela ne. In ka bi maganar Alhaji ka zuba a bana, wanda ya fita ya tsira da 800,000 ɗinsa, sabon da ya shigo a Janairu kuma an yanke masa daidai wannan adadin daga ribarsa, a kan kayan da ko ƙyallinsu bai gani ba. Wannan cin dukiyar mutum ne da ɓarna, wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, kuma Annabi (SAW) ya ce a hadisin Muslim: "Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu." Ba na zargin Alhaji da mugun nufi. Mai yiwuwa nauyin fuskantar tsohon abokinsa yake ji, amma ba a biyan kunya da aljihun wani.

Malamanmu sun daɗe da ƙa'idar cewa riba garkuwar uwar kuɗi ce, ba a kiran abu riba sai jari ya kuɓuta an sauke abin da ke kansa. A babin ƙiradi (wato mutum ya ba wani jari ya juya su raba riba) na littafin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya hana mai dukiya da mai juya ta su yi lissafin rabuwa alhali dukiyar ba ta gabansu, sai ta halarto, mai ita ya karɓi jarinsa cikakke, sannan a raba riba. Maganar a kan ƙiradi aka yi ta, taku kuwa tarayya ce, amma dalilin ɗaya ne: rabon da aka yi kafin a san dukkan abin da ke kan dukiya rabo ne na wucin gadi. Don haka za a nemi wanda ya fita ya dawo da kasonsa. Sai fa idan lokacin fitarsa an yi yarjejeniya ƙarara cewa waɗanda suka rage sun ɗauke masa duk abin da zai ɓullo daga baya. To a nan tsofaffin biyu ne za su biya daga aljihunsu, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Sabon dai ba ya shiga, sai in an gaya masa ya yarda da bakinsa.

Idan kuwa wani ɓangare na kayan ya kwana a sito har sabuwar shekara, kuɗin dako yana bin kaya ne. A raba shi: kason abin da aka sayar a bara ya hau ribar bara, kason abin da ya rage ya shiga kuɗin sayen hajar da ke ajiye. A wannan ka fi ni sani.

Sai hanyarka. Rubuta takardar da kwanan watan Nuwamba ba ƙarya ba ce, ai a Nuwamba aka yi dakon. Ƙaryar ita ce a bar mutane suna riƙe da rahoton da ke cewa miliyan 18 alhali kwamfuta ta koma cewa 15.6, ba wanda aka sanar. Kalmar sirri amana ce aka ba ka don tsare littafi, ba izinin canza shi kai kaɗai ba. Kuma QuickBooks tana ajiye tarihin duk wanda ya taɓa abu bayan ranar rufewa, ranar da odita ya buɗe wannan shafin sunanka zai gani, ba na Alhaji ba.

Abin da za ka yi shi ne ka rubuta wa abokan tarayyar huɗu, tsofaffi da sabo, ka haɗa da hoton takardar. In sun amince kuma ba a miƙa lissafin ga hukumar haraji ba tukuna, a buɗe 2024 da izininsu a rubuce, a shigar, a sake fitar da rahoto, a sake kullewa, a ajiye tsohon rahoton kusa da sabon. In an riga an miƙa, ko odita ya sa hannu, kada ka taɓa bara. Ka shigar da gyaran a farkon bana a kan asusun ribar da aka tara ko asusun tsofaffin abokan tarayya, ka rubuta a fili cewa gyaran kuskuren 2024 ne, sannan ka tambayi mai ba ku shawara kan haraji ko akwai buƙatar gyara abin da aka miƙa. Ƙa'idar lissafi ta duniya da ake kira IAS 8 ma haka ta tanada: babban kuskuren shekarar baya a mai da shi shekararsa, kada a cusa shi cikin ribar shekarar da aka gano shi.

Takardar wuta ta 38,000 kuwa da sauƙi. Irin wannan ƙaramin abu da ke maimaituwa kowace shekara, wanda 'yan kasuwa suka saba yafe wa juna, ba laifi a sa shi a bana da bayanin cewa na Disamba ne. Amma tunda za ka rubuta musu, ka ambace shi a layi ɗaya. Yafiyar da aka furta ta fi wadda aka zata.

Mai tirela kada ya jira wannan shawarar taku. A biya shi yanzu daga kuɗin shago, a bi tsofaffin daga baya. Jinkirin da ya yi wajen kawo takarda bai zubar da haƙƙinsa ba, kuma a Bukhari da Muslim an ce jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Game da zakka, a mazhabar Malik bashi yana rage abin da ake fitar wa zakka na kuɗi da kayan kasuwanci, muddin mutum ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadin bashin. Idan haka halinku yake, kun fitar da ƙarin naira 60,000, wato kashi 2.5 cikin ɗari na miliyan 2.4. Ba a karɓo shi daga hannun talaka, kuma ban ga a cire shi daga zakkar baɗi ba, domin malamanmu ba su yarda a gabatar da zakka ba sai da ɗan lokaci kamar wata guda. Ya zama sadaka, Allah ya karɓa. Da a ce abin da ya ɓullo kuɗi ne da kuke bin wani ba ku lissafa ba, da sai a cika zakkarsa nan take. Ina kuma jan hankalinku: shekarar zakka ta wata ce, kwana 354, ta kwamfutarku kuwa 365. In kun ɗaure zakka da 31 ga Disamba, malaman zamani sun ce a fitar da kashi 2.577 don cike kwana goma sha ɗayan.

In Alhaji ya ƙi duk wannan ya nace sai ka zuba a bana a yi shiru, kada hannunka ya rubuta. Ka gaya masa cikin ladabi, ka nuna masa lissafin 800,000 ɗin a takarda, domin da yawa sukan sauko idan suka ga adadin da sunan wanda zai cutu. In ya dage, ka sanar da sabon abokin tarayyar, shi ne mai haƙƙin.

Wallahu a'alam.