Amsa: Kan sarkin da ka tsinta a akwatin Baba

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tarar da tsofaffin wasiƙu a akwatin marigayi mahaifinka, kana tambaya ko kan sarkin da ke jikinsu zai yi kuɗi. Allah ya jiƙan Baba.

Da farko dai, kada ka ɓamɓare ko ɗaya daga jikin ambulan. Hatimin gidan waya, musamman na Zungeru ko Lakwaja, yakan ɗaga darajarsa.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Kan sarkin Ingila da ake kira Penny Black, wanda aka fara fitarwa a 1840, an buga fiye da miliyan 68, shi ya sa har yau ana samunsa. Na tunawa da 'yancin kan Najeriya na 1960 ma suna da yawa, abin ajiya ne amma ba na arziki ba. Ka duba ko akwai masu rubutun "Northern Nigeria", waɗanda aka fara amfani da su a 1900. A cikinsu na fam 25 na 1904 shi ne ake wawasonsa, sai dai jabunsa na yawo.

Duba haƙoran gefensu ko sun cika. Da hantsaki ake ɗauka, banda salatif, kuma ka nisanta su daga danshin damina. Turo mana hotunan ambulan ɗin, gaba da baya.