Amsar tambayarka kan "borrow" da yadda muke bashi a Jakarta

Ƙanina salamu alaikum, na ga saƙonka. Kace ka duba ƙamus na waya ya baka borrow = pinjam a yaren Indonesiya, kana tambaya ko da ita zaka nemi kaya bashi idan ka shigo Tanah Abang, babbar kasuwar yadi da tufafi ta Jakarta. A'a, dan Allah karka faɗe ta a gaban mai shago, bari in maka bayani yadda muke yi anan.

Da farko Turancin kansa, borrow na mai karɓa ne, lend na mai bayarwa, shiyasa "borrow me" ɗin da ake yi a gida bata aiki a waje. Mutanen nan kuma saiwa ɗaya suke da ita, pinjam. Meminjam ka karɓa, meminjamkan ka bayar, wannan -kan ɗin na ƙarshe shi ke juya maganar. A bakin ƴan Jakarta ma ba haka zaka ji ba, minjem da pinjemin suke cewa. Toh amma kaga mu Hausa ba ta nan muka raba ba, mu abin da ya dame mu shine me zai dawo, in abin da ka karɓa ne da kansa aro ne, in madadinsa ne rance ne. Pinjam ta haɗiye duka biyun, biro pinjam, babur pinjam, kuɗi ma pinjam, kuma kalma ce mara nauyi wadda ake faɗa tsakanin abokai da maƙwabta. Har wasa suke da ita, "pinjam dulu seratus", wai ɗan bani ɗari tukunna, ɗarin nan kuwa rupiya 100,000 ake nufi, jar takardar nan mai hoton Soekarno da Hatta, shugaban ƙasarsu na farko da mataimakinsa, kuma kowa ya san mai faɗar haka ba lallai ya dawo da ita ba. Ka tsaya gaban mai sayar da atamfa ko abaya a Blok A, wani sashe na kasuwar, kace pinjam, zai ɗauka ko baka san kasuwa ba ko kuma wasa kake.

Bashi sunansa utang, wanda ya ci bashin shinkafa da ƙwai a ɗan shagon unguwa ana cewa ngutang yake. A kasuwa kuwa maganar da zaka ji ita ce DP, suna furta ta de-pe, wato kafin alƙalami, sai tempo in an baka lokaci, sai nyicil in kaɗan-kaɗan zaka biya, ranar da ka gama a buga maka LUNAS, wato an biya duka, a jikin nota, takardar cinikin. Wannan notar ka adana ta sosai. Kuma ba baƙon da ake ba tempo a zuwan farko, kasuwa ce tun 1735, sun ga irinmu da yawa, sai ka yi ta saye kuɗi hannu har mai shago ya san fuskarka ya san wanda ya kawo ka.

Sai maganar ƙi, wadda ita tafi damuna da sababbin zuwa. Mutumin nan da wuya yace maka tidak, wato a'a, kai tsaye, zai yi murmushi yace belum ada, wai babu tukunna, ko yace lagi kosong, wai babu komai a hannu yanzu, ko tanggal tua wato wata yayi nisa. Ɗan'uwanmu sai yaji "tukunna" ya koma gobe ya koma jibi, shi kuma mutumin kunya ta kama shi ya fara ɓuya, zumuncin ya lalace a banza. Wannan belum ɗin a'a ce cikin ladabi, kace tidak apa-apa, ba komai, ka canza hira. Mu ma da muka daɗe haka muke amsa musu in ba zamu iya ba.

Tsakaninmu Hausawa kuwa bamu bar aro da rance sun cakuɗe ba. In mutum yazo yace a pinjam masa, tambayar farko aro ko rance? In rance ne ana rubutawa, rana da adadi da kuɗin ƙasar da za a biya da shi, dala ko rupiya ko naira, don canji ya raba ƴan'uwa da yawa, a sa shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara tace. In da ɗan ƙasa ne kuma kuɗin da yawa sai a yi kuitansi, wato rasit, a manna meterai, kan sarkin haraji na gwamnati, na rupiya 10,000 a sa hannu a kansa. Wasu daga gida suna jin haushin wannan, wai rashin yarda ne, wallahi ni ban ga haka ba, muna zaune a ƙasar mutane ne, rigimar mutum biyu tana iya rufe wa kowa ƙofar tempo.

Matanmu kuma sun shiga arisan na unguwa, adashi ne sak, sai dai babu uwar adashi mai tsara ɗauka, sunaye ake rubutawa a ƴan takardu a nannaɗe a zuba a kofi a rufe bakin a huda, a girgiza, wadda sunanta ya faɗo ita ke kwasa, ana shan shayi ana cin gorengan, wato ƴan soye-soye. Ta nan suka san maƙwabta fiye da mu maza.

Pinjol dai, wato pinjaman online, rancen manhajar waya, zaka ga tallansa ko ina da ka sa layin nan. Hukumar OJK mai kula da harkokin kuɗi tana da waɗanda ta yi wa rajista, marasa rajistar kuma in ka makara sai su bi lambobin wayarka ɗaya bayan ɗaya suna tozarta ka, ga ruwa a kai. Karka taɓa ko ɗaya. In kuɗinka ya gaza kafin kaya su cika ka kira ni, mu rubuta. Ka gaida Inna da su Baffa, kuma ka turo min ranar da jirginku zai sauka.