Teburin da ƙafarsa ke rawa: a gyara ko a sayi sabo?

Wata uwargida daga Fadaman Mada a garin Bauchi ta aiko da wannan: "Assalamu alaikum. Ina da teburin cin abinci na katakon maɗaci, mahaifina ne ya sa aka yi mini shi lokacin aurena. Tun hunturun bara ƙafa ɗaya take rawa, yanzu kusurwar ta buɗe har yatsa na shiga. Wani kafinta ya ce zai buga masa manyan ƙusoshi ya tsaya, maigidana kuma ya ce a bar shi a sayo sabo irin masu ƙyallin nan na shago. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. A gyara shi, amma ba da ƙusa ba. Maɗaci katako ne mai nauyi da ƙarko, kuma yawancin tebura masu ƙyallin da maigida yake magana garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai zanen itace. Ruwa ya shiga gefensu sau ɗaya, sun kumbura ke nan, kuma ramin sukuru idan ya ɓurme ba ya sake riƙewa kamar da. Naki kuwa ana iya kwance shi a mayar.

Ki kifa teburin ki duba ƙarƙashinsa. Akwai katakai huɗu da suka kewaye shi, kowanne an fere masa harshe a baki, an kuma haƙa wa harshen rami a jikin ƙafa. Wahalar kusurwa ita ce harsuna biyu ne ke shiga ƙafa ɗaya daga ɓangarori biyu, ramukansu kan kusa haɗuwa a ciki, don haka naman katakon da ya rage a wurin siriri ne. A nan ne kafinta yake son dosa ƙusa. Sau da yawa kan ƙafar tsagewa yake yi, gyaran yini ɗaya ya koma sassaƙa sabuwar ƙafa. Ko bai tsage ba, ƙusa ba ta hana rawa, tana dai ɓoye ta na ɗan lokaci ne kafin ramin ya ƙara faɗi.

Ba mamaki da hunturu abin ya fara. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Shekara da shekaru harshen na kumbura yana motsewa a cikin raminsa har tsohon gam ya karye. Jan tebur a kan siminti maimakon ɗaga shi, da yara masu jingina a gefe, su ke ƙarasa sauran.

Ga abin da za ki nema daga kafintan da za ki bai wa aikin. Ya fara sa alama da fensir a kowace ƙafa da katakon da ke shiga cikinta, domin ramukan ba sa zama daidai wa daida. Ya cire fuskar teburin idan da sukuru aka kama ta. Ya fitar da harshen a hankali da gudumar katako, ko ya ɗora guntun katako ya buga a kansa. Sannan aikin da masu gaggawa ke tsallakewa, wanda kuma shi ne gyaran gaba ɗaya: kankare tsohon gam tas daga harshe da cikin rami har sai katako tsura ya bayyana. Sabon gam ba ya kama tsoho. Ruwan ɗumi kaɗan yana tausasa shi, sai a kankare da cizal, a bar wurin ya bushe sarai. Kada a ci harshen da samfefa da yawa, ƙara ramar da shi ake yi. Idan ya riga ya yi wa ramin kaɗan, a manna masa siririn ɓawon katako a gefe, ya bushe, a fere har ya shiga da ɗan ƙarfi. Idan harshen ya karye ne, a yanke shi, a huda ƙafar da bakin katakon da ke shiga cikinta, a sa 'yan sandunan katako masu tauri guda biyu su maye gurbinsa.

Bayan an shafa gam an haɗa, dole a matse. In babu ƙarfen matsi, igiya mai ƙwari ta isa: a zagaya ƙafafun da ita sau biyu, a sa tsumma a kusurwoyi don kada ta ci katakon, a cusa sanda a tsakani a murɗa har gam ya ɗan tsattsafo. Kafin a tafi, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta karkace, a auna ɗaya ɓangaren ma. Awon biyu ya zo ɗaya, in ba haka ba teburin zai bushe a karkace. A bar shi awa 24 a kan daɓe mai lebur, a inuwa. Daga nan a yanko guntun katako mai kusurwa uku a kafa ta ciki a kowace kusurwa da gam da sukuru, a fara huda ramin sukurun kafin a ɗaura. Tunda an riga an kifa shi, Hajiya, a girgiza sauran ƙafafun uku. Wadda ta motsa a yi mata tare.

Ki tambayi kafinta tun farko, "Za ka kwance kusurwar ne, ko za ka buga?" Wanda ya ce zai gama miki cikin minti goma, ki yi masa godiya ki nemi wani. Wanda zai yi yadda na faɗa zai caje ki fiye da na farko, kuma ya cancanta.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada a Gombe ya tambaya: "Teburin karatuna ne ya saki a kusurwa. Wane gam zan saya? Mai shago ya miƙo mini Evo-Stik."

Ɗan'uwa, ka mayar masa. Irin wannan gam na manna fomaika ne da fata da roba, yana zama da danƙo ko bayan ya bushe, ƙafar za ta ci gaba da motsi. Ƙaramin gam mai kamawa nan take shi ma bai dace ba, ƙaƙas yake bushewa, girgiza kaɗan ta fasa shi. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne na katako da katako, muddin harshen ya cika raminsa dam. Idan akwai giɓin da ba ka iya cikewa da katako ba, sai gam mai bututu biyu da ake haɗawa, irin Araldite, domin shi yana cike giɓi ya yi tauri. Ka san dai cewa abin da aka haɗa da shi da wuya ya sake kwantuwa ba tare da ɓarna ba. Ka matsa farin gam ɗin ka gani kafin ka biya. Wanda ya yi gudaji ko ya tsinke ya zama ruwa ya tsufa a shago.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ce a Yelwa: yana ganin gari kamar na fulawa a ƙarƙashin teburinsa, kusurwa kuma ta saki. Malam, wannan ba matsalar gam ba ce, ƙwaro ne ke cin katakon ta ciki. Ka danna bakin sukudireba a ƙafar. In ya nutse cikin sauƙi, ƙafar ta mutu, a sassaƙa wata da busasshen katako, don ɗanye zai tsuke a hunturun farko. In da tauri, a shafa maganin katako irin Solignum a ramukan ƙwarin, a waje inda iska ke kaɗawa, ban da fuskar da ake ɗora abinci da wuraren da gam zai hau. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kada ya kusanci kusurwar, gam ba ya kama katakon da ya sha mai. Idan ƙafafu uku ko duka huɗun sun lalace, ka ajiye fuskar teburin in tana da kyau, a yi mata sabon ƙarƙashi.